Maburgi

Intisar ta zo daga Madani da waya,
ta jingine ta da buhun riɗi,
ta ce, "Habboba, yi magana, tana ji."
Na ce, "Habboba tana gidan maƙwabta.
Kaka na ce wa tawa, Kaka za ki ce mini."

A nan Gadarif aka binne cibiyata,
inda ayari ya sauke kaya
wai a huta kafin a ƙarasa Makka.
Hutun ne har yau ba mu gama ba.

Wayar ta ce a zaɓi harshe ɗaya.
Ɗaya? Dariya ta kusa shaƙe ni.
Da Larabci nake taya atamfa a kasuwa,
da Hausa nake faɗa da awaki,
Fulatancin Inna Dija na gaisuwa ne da zagi,
in Habashawa sun sauko yankan riɗi
na san yadda ake ce musu ga ruwa, gobe biya.
Wa zan kora daga ɗakin bakina?
Dukansu haya suke, ba mai takardar gida.

Ta danna Hausa. Na kama labarin
shekarar da fari suka cinye mana dawa.
Abin na rubutu kamar jerin kiyashi.
Na ce ya zol, ya tsaya cik.
Na ce kwayyis, ya rubuta ƙwai.
Yarinya na bin sa baƙi bayan baƙi
kamar mai tsintar tsakuwa a wake.
Ta ce haka yake koyo.
Na ce ashe ɗalibi ne, a bi shi a hankali.

Wani malami ya leƙo ta gilashin daga Zariya,
muryarsa na tsinkewa tana ƙulluwa.
Ya ce in ƙirga yadda kakata ke ƙirge.
Na ce hauya, na ce zangu, na ce zambar.
Ya zare tabarau. "Mama, maimaita,
a takarda kaɗai na taɓa gamuwa da su."
Ashe abin da aka ƙullo a bakin zane
can gida ya zube, mu muka riƙe.
Kaina ya fara kumbura.

Sai ta shiga madafa ta fito
da icen da nake kaɗa busasshiyar kuɓewa.
"Kaka, wannan fa?"
Na ce, "Mufraka."
Ta ce, "Da Hausa."
Na buɗe baki.
Fanka na juyawa. Malam na jira.
Shekara talatin yana hannuna,
na san inda ya tsage, na san ƙamshinsa,
amma sunan ya bi ta ƙofar baya ya fice.
Na ce a kashe, la'asar ta yi.

Ranar tuwo bai wuce mini ba.
Na kwanta, na ɗauko mahaifiyata a zuci,
na zaunar da ita gaban murhu,
na tsaya a bayanta ina jira ta aike ni.
Sai can tsakar dare, wuta ta ɗauke,
karnukan tasha sun gaji da haushi,
na ji ta sarai, har da tsakinta:
"Ke Hansatu, miƙo mini maburgi!"

Na laluba duhu, na yi tuntuɓe da buta,
na girgiza gadon igiyar Intisar.
"Tashi, tayar da ɗalibinki."
Ta ce, "Caji ya kusa ƙarewa, bari sai safe."
Na ce safe ba ta yi mini alkawari ba.
Sau uku na faɗa, bakina daf da gilashi.
Ta ce wannan karon ya rubuta daidai.
Na yarda, tunda ba karatunsa na iya ba.

Duk da haka da gari ya waye
na ba ta gawayi, na nuna bangon madafa,
can sama inda hayaƙi bai cika kaiwa ba.
Na ce rubuta da manyan baƙaƙe.
Ta ce, "Kaka, ai yana cikin waya."
Na ce rubuta dai.